Ruwan da Baba Ya Ajiye

Aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni gidan. Daga ofis aka kira ni aka ce akwai wani dattijo a unguwar Queens da ba ya iya tashi da kansa, ana son namiji mai ƙarfin ɗaga mutum. Ba a gaya mini gidan ibadar Hindu ba ne, sai da na isa bakin ƙofa na ga takalma a jere, ƙamshin turaren tsinke ya doke ni. Na tsaya ina shawarar juyawa gida, unguwarmu Tremont. Sanyi ne ya tura ni ciki, ba kirkina ba.

Gidan bene ne. A ƙasa akwai kicin da zauren da jama'arsu ke taruwa ran Lahadi. A sama kuma masu zuhudu ke kwana, mazan da suka bar aure da dukiya, tufafinsu ruwan goro. Tsohon da zan kula da shi shi ne babbansu. Ya daɗe yana karantar da ilimin da suke kira Vedanta, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ɗakin can ƙoli. Kowa Swami yake ce masa, su sunkuya su taɓa ƙafarsa. Ni na gaishe shi a tsaye, na ce masa Baba. Ya ce ta yi, a garinsu ma haka ake kiran uba.

Ba a shiga gidan da nama, ko albasa ba sa sawa a miya. Tuwona a bencin tashar bas nake cinsa, hannu na daskarewa. Karatuna bai yi nisa ba, a Kumasi allo na yi da 'yar firamare, don haka abin da na tsinta na iliminsu a wurin wanka na tsince shi. In na kama ƙafarsa ina cuɗawa sai ya ce, "Wannan ba ni ba ne." In kama hannu, ya ce, "Wannan ma ba ni ba ne."

"To Baba, wa ya yi ihu jiya da ruwan ya yi zafi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗakin haya ne, Malam. Rufi na yoyo, famfo ya lalace, mai gida ya kusa ba ni notis. Wanda ke zaune ciki lafiyarsa ƙalau. Kuma shi ne dai zaune a naka ɗakin."

"A'a, Baba. Nawa ni kaɗai ne ciki, sai mala'iku biyu masu rubutu."

"Ka gaishe su," in ji shi.

Malam yake ce mini saboda sallah. Ranar farko da azahar ta yi, na rasa inda zan yi ta. A ɗakinsa akwai kanta a bango, daidai gabas, da hoton malaminsa an rataya masa furanni. Ya ga ina waige-waige da darduma a hannu, ya gane. Ya sa na buɗe akwatinsa na ɗauko wani farin ƙyalle, ya ce in rufe hoton in yi sallata, malaminsa ba zai ji haushi ba. Tun daga ranar haka muke yi. In lokaci ya yi na shagala, shi ne zai nuna mini ƙyallen da haɓa. Da azumi kuwa yakan sa a ajiye mini dabino.

Kusa da hoton akwai ɗan tulun jan ƙarfe, bai fi dunƙulen hannu ba, an liƙe bakinsa da dalma. In ina goge kanta, kewaye shi nake yi. Wata rana Baba ya ce ruwan kogin Ganga na ƙasarsu ne a ciki. A al'adarsu, in mutum zai cika, ana ɗiga masa shi a baki. Mahaifiyarsa ce ta ba shi tulun ranar da ya bar gida.

"Yaran nan suna da hidima a ƙasa," ya ce. "Kai ne kullum a gefena. In abin ya zo kana nan, ka ba ni."

Na ce, "Ba kai ka ce jikin ba kai ba ne? Me ɗakin haya zai yi da ruwa?"

Ya ce, "Ka kama ni. Ilimin ba ya bukatar ruwan. Amma ina yaro na ga uwata ta ɗiga wa ubana shi. Shekarun nan duk na karantar da mutane su saki komai, ni kuma wannan ɗaya na kasa saki."

Na ce to. Irin "to" ɗin da ake ce wa tsoho don ya yi barci.

Da na koma gida na ba abokin zamana labari. Mutumin Maraɗi ne, yana sayar da huluna da turare a titin 125 a Harlem. Ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Ɗan Kumasi, an ɗauke ka wankin boka, yanzu kuma an yi maka ƙarin girma, ka zama yaron boka. Bon, to madalla. Gobe ka zo mana da jan ɗigo a goshi."

"Ruwa ne fa kawai."

"In ruwa ne kawai, ka ba shi na famfo mana."

Ya ce in tambayi liman. Juma'a bayan Juma'a ina gaisawa da liman a bakin masallaci, ban tambaya ba. In ya ce haramun ne, da wane ido zan dubi Baba? In ya ce babu laifi, to sai na yi. Rashin sanin ya fi mini daɗi, na zauna a cikinsa.

Baba bai manta ba. Yakan ce, "Malam, miƙo tulun in nuna maka yadda ake buɗe shi, dalmar tana da tauri." Ni kuma kullum da abin da zan ce: lokacin magani ya yi, zanen gado na cikin injin wanki, bari in ɗauko miya kafin ta huce. Da ya fara zancen sai in ɗaga murya da wata maganar. Daga baya ya daina.

A kwanakin nan ne na fara jin wani ƙulli a gefen farin ƙyallen, da wani abu mai tauri a ciki. A zangonmu, in ka ji abu ƙulle a bakin zane, ba ka tambaya, ba ka kwancewa. Na ce a raina laya ce. Na koma kama ƙyallen ta ɗaya gefen, da yatsu biyu, ina a'uziyya.

Sai ciwon ya sake bugunsa, ya ɗauke masa magana. Likita ya ce a bar shi a gida, a sauƙaƙa masa kawai. Masu zuhudun suka riƙa zama da shi bi da bi suna karatu a hankali. Ina yi masa wanka shiru. In na kama ƙafarsa sai in ce, "Wannan ba kai ba ne, ko Baba?" Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

Ran wata Lahadi da hantsi, nas ta zo ta duba shi ta ce da saura, ta tafi. Zaure ya cika, duk suka sauka. Ina jin waƙarsu da ƙararrawa ta cikin daɓe. Ina riƙe da hannunsa numfashin ya sauya. Na san wannan numfashin, na ji shi a bakin mahaifina. A lokacin kuwa da auduga muka riƙa jiƙa wa tsohona leɓe, ba wanda ya tsaya tambayar kowa.

Baba ya buɗe ido ya kafe kanta da kallo. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ga dai leɓen mutum a bushe, na tuna na ce to. Na tashi na ɗauko tulun, karo na farko da na taɓa shi. Na murɗa, bai murɗu ba. Na sa farce, na sa gindin cokali, cokalin ya lanƙwashe. Almakashin bandeji ya zame ya yanke ni a yatsa. Na leƙa matakala na ƙwala kira, ƙararrawa ta haɗiye muryata. Na dawo, Baba yana ta nuna ƙyallen da haɓa, yadda yake yi in azahar ta yi.

"Ba lokacin sallah ba ne, Baba," na ce. "Bari in ɗauko wuƙa. Yanzu zan dawo."

Hannunsa mai rai ya kama bakin rigata. Na zare shi a hankali na ɗora a kan bargo. Na sauka da gudu har kicin na zari wuƙa, na leƙa zaure na yafito ƙaramin mai zuhudun, wani saurayi mai tabarau da ke kula da ɗakin Baba. Muka hau tare.

Ko da muka shiga, ya cika. Idonsa na kan ƙofa.

Saurayin ya durƙusa ya rufe masa ido, ya yi karatunsa ƙasa-ƙasa. Da ya ɗago ya ga wuƙa a hannuna da tulun duk na ƙwarzane shi. Ya miƙa hannu ya ɗauko farin ƙyallen, ya kwance ƙullin. 'Yar ƙusa ce mai tsini a ciki. Ya dafa ta a wani ɗan lotsi a gefen dalmar, ya danna da babban yatsa, ta huje.

"Swami ne ya sa na ƙulla ta a nan," ya ce. "Ya ce duk kantar nan wannan kaɗai kake taɓawa. Na ɗauka ya gaya maka."

Na ce Baba ya yi ta ƙoƙarin gaya mini.

Saurayin ya ce ko bayan cikawa suna ɗigawa, ba a makara ba. Na san don ya sanyaya mini zuciya ya faɗa, ko da gaskiya ne. Ya ce in tallafo masa kai. Na sa hannu a ƙeyar Baba yadda nake yi kullum in zan ba shi magani, har yanzu da ɗumi. Ruwan ya taru a leɓensa, ya gangaro gefen baki ya jiƙa mini hannun riga. A ƙasa ba su sani ba, suna ta waƙa.

Ban je wurin ƙona gawar ba, su ma ba su matsa mini ba. Ofis suka tura ni wurin wani tsohon a Brooklyn. Har yau ban tambayi liman ba, ban kuma san hukuncin abin da na tashi yi ba. Ina istigfari a kan tashin, ina istigfari a kan jinkirin, Allah Ya san wanda ya fi nauyi. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne hannun nan da na zare daga rigata. Da na zauna kawai na riƙe shi, da bai tafi shi kaɗai yana kallon ƙofa ba.

Ina da 'yar jarkar zamzam da wata gwaggona ta kawo mini daga Makka, a ƙasan akwati take, bakinta naɗe da salatif. Bayan rasuwar Baba na fito da ita na kira mutumin Maraɗi. Na nuna masa inda nake ajiye ta, na nuna masa bakin salatif ɗin, inda ake kamawa a ja.

"Kai Ɗan Kumasi, wa ya ce maka kai za ka riga ni?"

"Ka dai duba."

Ya buɗe baki zai yi tsiyarsa, ya dubi fuskata, ya fasa. Ya karɓi jarkar ya juya ta a hannu, ya sa farce ya ɗaga bakin salatif ɗin kaɗan, ya mayar ya danne.

"Na gani," ya ce.