Ban-ɗakin da Yaya ya gina wa Inna

Shekarar da gwiwoyin Inna suka daina yarda da tsuguno, yayana ya zo daga Maradi da mota cike da siminti da fararen karo na daɓe ƙasa, ya ce zai gina mata ban-ɗaki irin na birni a jikin ɗakinta. Ni nake zaune da ita a gidanmu na Madarumfa tun rasuwar Baba. Ni ke mata girki, ni ke kai mata ruwan wanka, amma ba wanda ya nemi shawarata. Da na leƙa wurin aikin, na ga magini ya kwantar da tiyo ɗaya tak a cikin kwalbatin da ya haƙa, sai na tambaya ko ruwan wanka da na masai hanya ɗaya za su bi. Yaya bai ko dube ni ba, ya ce, "Ke, je ki ɗora wa ma'aikata shayi."

Da aka gama, abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ga masai na zama kamar kujera, ga wurin wanka da 'yar rariyar ƙarfe a ƙasa inda ruwa ke wucewa. Yaya ya kawo abokansa suka gani, ya ɗauki hotuna da wayarsa, dangi suka yi ta sa masa albarka. Duk rani lafiya lau.

Sai damina ta sauka. Tafki ya cika, ƙasar unguwarmu ta sha ruwa ta ƙoshi, ko ramin shuka mutum ya zurfafa sai ya ga danshi na tsattsafowa. Da fari ƙara muka fara ji: in aka zuba bokiti a masai, sai rariyar wanka ta yi ta gurnani kamar mai kurkure maƙogwaro. Daga baya wari ya biyo. Wata safiya na shiga da tsintsiya, na tarar da ruwa mai duhu ya kwanta kewaye da rariyar, da abubuwan da ba zan rubuta sunansu ba suna yawo a kai.

Na kira Yaya. Ya ce, "Ku ne dai. Tsumma da gashi kuke zubawa a ciki. Abin zamani ba ya son ƙazanta."

Na ce, "Yaya, gashin da ya rage a kan Inna ko bakin buta ba zai toshe ba."

Ya ce yana da baƙi, ya kashe wayar.

Na ci gaba da wankewa kullum, ina ɗauka ni kaɗai abin ke damu. Amma na lura sallar Inna ta yi tsawo. Sai ta idar, ta rarrafa ta koma ta wanke ƙafa, ta sake tayarwa. Ranar da na zauna shafa mata man gwiwa, na ga tsakanin yatsun ƙafarta ya yi fari ya tsattsage saboda sabulu.

Na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "In na gama alwala, sai in ga kamar na taka ruwan nan. Ban sani ba ko da najasa na tsaya. Gara in sake."

"Don me ba ki faɗa mini ba?"

"Ɗan'uwanki ya yi ɗawainiya. Kada ya ji ya ce na raina."

Ban taɓa jin zafi a ƙirjina irin na ranar ba. Tsohuwar da ko tashi daga tabarma sai ta dafa bango, tana ninka sallolinta a ɓoye don kada ran ɗanta ya ɓaci, shi kuwa yana can yana nuna wa mutane hoto.

Ranar Juma'a ya zo tare da wani abokin kasuwancinsa na Ɗan Issa. Ban bari sun zauna ba. Na ce ya zo ya ga wani abu. Ya shigo ban-ɗakin da farar rigarsa, abokin yana bakin ƙofa. Na dama bular wanki a bokiti har ruwan ya yi shuɗi sosai, na juye a masai. Rariyar ta yi gurnaninta, sai ga shuɗin ruwa yana bulbulowa daga ƙasa, ya bi layin karo, ya kewaye takalminsa.

Na ce, "Ga gashin Inna nan."

Ya ja da baya yana tattare riga. Ya ce a hankali, "A gaban baƙo za ki yi mini haka?"

Na ce, "Kai a gaban baƙo ka taka shi sau ɗaya. Inna da shi take tsayawa gaban Ubangijinta kullum."

Ya ce in ruwa ya ɗauke zai aiko da mai gyara. Ko tuwon da Inna ta sa na tuƙa dominsa bai ci ba, suka shiga mota.

Ban jira kaka ba. Washegari na ɗauki diga na bi bayan bango ina haƙa har tafin hannuna ya yi bororo. Na iske inda tiyon wanka ya haɗu da na masai suka zama ɗaya. Wanda ya nufi babban ramin da ƙazanta ke taruwa kuwa, maimakon ya gangara, ya ɗan ɗaga kai sama. Ramin da kansa ya cika maƙil da ruwan ƙasa. Duk abin da aka zuba a masai ba shi da wurin zuwa, sai ya juyo ya fito ta ƙofar da ta fi kusa, wato ƙarƙashin ƙafar Inna. Na aro zarto wurin maƙwabci, na yanke tiyon wankan, na like bakin da ya rage da siminti, na jona wani guntu ya kai ruwan wanka gindin lemun tsami. Masan kuwa na rufe shi da faifai na ɗora dutse. Kafinta ya huda mana wata kujerar katako, muka ɗora ta kan tsohuwar salga, Inna ta koma can.

Mai gyaran bai zo ba, ko da kaka ko da rani. Abin da ya zo shi ne labari: wai ƙanwa ta sa diga ta fasa ban-ɗakin da wanta ya gina wa uwarsu. A wurin wani suna, gwaggonmu ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah in daina hassada. Na ce ta zo gida in dama mata bula ta gani da idonta. Ba ta zo ba.

Inna ta roƙe ni in riƙa gaishe shi, ina kuwa gaishe shi. Yana amsawa kamar wanda ya yafe mini laifi, kuma wannan amsar ce har yau take hana ni haɗiye abinci in ya zo gidan.