Da Surukina a Bakin Tekun Wakra

Ain Khaled zuwa Aziziya

Ana sallame Asuba na bar ɗakinmu na masu gadi a unguwar Ain Khaled, ko shayi ban sha ba. Surukina, Alhaji Garba, ya zo Doha a lokacin gasar ƙwallon duniya, ya sauka wurin wani ɗan garinmu a unguwar Aziziya. Rabona da shi tun ɗaurin aurena da 'yarsa Rabi, don korona ta tsare ni a nan ban koma gida ba. Na ƙudura zan fita kunyarsa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Sani, teku nake so in gani." Na ce, "To Baba, sai Wakra."

A jirgin ƙasa

Muka canja jirgi a tashar Mushairib, muka nufi kudu. Ya miƙo mini dabino, na ce na ƙoshi. Ina ni ina tauna a gaban suruki?

Wakra

Ƙaramar bas ta sauke mu a tsohuwar kasuwa. Ƙauyen masunta ne tun dā: lunguna matsattsu, gidaje masu kalar ƙasa, jiragen katako a kwance kan yashi. Baba ya shafa jikin wani jirgi ya ce aikin ya fi na masassaƙanmu.

Sai na yi karambani na ce mu ƙarasa bakin ruwa. Muna shan kwana muka faɗa cikin baƙi 'yan kallon ƙwallo, maza da mata, daga su sai ɗan kamfai. Baba ya ɗaga kai yana kallon sama, ni na duƙa ina kallon takalmina. Wata ma ta roƙi hoto da hularsa. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Bayan Azahar muka zauna wurin masu gasa kifi. Aka kawo kifi da shinkafa, na tura gabansa na koma gefe. Ƙamshi ya buge ni, cikina ya yi wani irin ƙugi har mai kawo abincin ya waiwayo. Da na miƙe in gudu, jiri ya mayar da ni kujera.

Baba bai dube ni ba. Ya wanke hannu ya ce, "Bari in ƙara duba jiragen can." Ya fita ya tsaya a rana, ya juya mini baya. Na ci kifin nan a gurguje. Bai dawo ba sai da aka kwashe kwanuka.

Komawa

La'asar sakaliya na raka shi masauki. A bakin ƙofa ya ce, "Gobe ka karya kafin ka zo. Ba zan iya wata tsayuwar ba, ƙafafuna sun tsufa."

Na ce, "To Baba," kaina a ƙasa.

Na iso ɗaki lafiya, na gode wa Allah. Shi kuwa Baba har yau ban samu bakin yi masa godiya ba.