Katin Rijiyar Gangara

Shekarun baya, zamanin da wasiƙa ke hawan raƙumi daga Damagaram zuwa Agadas, ni ne mai buga hatimi a gidan wayar barikin Tanut. Na ce gidan waya ne don in girmama kaina. Ɗaki ne guda na ƙasa, da tebur mai ɗingishi, da akwatin tambura, sai ni. Tambur shi ne abin da Kanawa ke kira kan sarki, sai dai namu babu kan kowa a jiki, wani mutum ne bisa raƙumi ya naɗe fuska da rawani. Aikina in karɓi wasiƙa, in buga mata hatimi mai sunan gari da kwanan wata, in jefa a jakar fata.

Ni ɗan Damargu ne, ƙasar da Tanut ke ciki, a Gangara aka yanke mini cibiya. Ina ƙarami aka zo neman yaran da za a kai lakkwal, makarantar Nasara, a Damagaram, mai gari ya duba gidan da ba shi da bakin musu, ya nuna namu. Da na dawo ƙasarmu da wando mai aljihu da yaren Nasara a baki, sai na tarar ba ni da wurin zama. In na nufi tabarmar hira a bakin kasuwa, sai a tashi a ba ni wuri mai kyau, a ce, "Sannu da zuwa, malamin bariki," daga nan hira ta mutu. Nasaran kuma ba sa cin abinci da ni. Haka nake sa hannu a akushi ni kaɗai, kajin maƙwabta ne kawai ke taya ni.

A cikin wannan zama na fara tsintar ambulan ɗin da kumandan, babban Nasaran bariki, ke jefarwa. Sai in jiƙa su a ƙwarya, tambur ya saki, in shanya a kan faifai, in adana a gwangwanin shayi. Daga baya na gane hatimin ya fi tambur daɗin kallo, na daina jiƙawa. Na san na Agadas ya ɗan gutsure a gefe, na Gure kullum tawadarsa ta yi yawa, na Bilma kuwa sai mai rabo ke ganinsa. Ƙato da ni, da gemu ya fara fitowa, ina zaune da la'asar ina jera tarkacen takardu a tabarma ina yi musu magana. Da wani ya leƙo, da tuni an kai ni wurin mai ruƙiyya.

Kafin in ci gaba, sai na gaya muku wani abu game da mahaifiyata. Ni ɗan fari ne, wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ba ni fura, sai ta ajiye ƙwarya ta kau da kai, kamar iska ce ta kawo. Kakata ce ta goya ni, ita ke yi mini wasa, ita ke share mini hawaye. Ranar da za a tafi da ni Damagaram, mahaifiyata na bakin turmi, ba ta ɗago ba. Ban ji haushi ba, haka kowace uwa ta gari ke yi, kunya ce. Ta rasu a shekarar yunwa ina can lakkwal, labari bai iso ni ba sai da kabari ya bushe. In na rufe ido ina nemanta, ƙeyarta nake gani, da gefen kumatunta, da tabon ƙunar kunu a hannunta na dama. Idanunta kam ban san su ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Ana nan sai aka kawo wani sabon sarjan daga Faransa, siriri, mai yawan tari. Wata rana ya ga gwangwanina a buɗe, ya tsaya, ya ɗauki ambulan ɗin Bilma guda ɗaya tilo da nake da shi, ya yi ta juya shi yana kaɗa kai. Ashe ciwonmu ɗaya. Shi nasa katuna ne masu hoto. Yana saye a wani kanti a Damagaram, ya aika wa mutanen da bai taɓa gani ba a ƙasarsu, su ma su aiko masa da na garuruwansu. Suna da wata al'ada, ba a bayan kati suke manna tambur ba, a fuskar hoton suke mannawa, kuma suna so hatimi ya hau rabi a tambur rabi a hoto, sunan gari ya fito raɗau. Shi ne na farko da zan iya kira abokina a Tanut, in dai ana abota a tsaye, don bai taɓa zama a ɗakina ba, ni ma ban taɓa zama a nasa ba.

Wata safiya jakar kudu za ta tashi. Mai ɗaukarta wani dattijo ne ɗan garinmu, abokin marigayi mahaifina, ya durƙusar da raƙuminsa a waje, ya tsuguna a bakin ƙofa yana jira in ɗaure. Sai ga abokina da katunansa, duk ya rubuta ya manna tambur. Na fara bugawa. Kasuwar Damagaram, na buga. Ayarin gishiri, na buga. Na ja na gaba, hannuna ya tsaya a sama.

Rijiyar Gangara ce, da gwafanninta biyu da na sani tun ina rarrafe. Mata sun watse, wasu sun ba da baya, wasu sun ja zane sun rufe fuska. Mace ɗaya ce ta tsaya cak a gefen dama, tulu a ƙasa kusa da ƙafarta, ga tabon ƙuna a hannu. Tana kallona. Ido cikin ido, babu kau da kai, babu sunkuyawa. Ashe idanunta manya ne, ashe irin nawa ne. Tambur kuwa an manna shi a kusurwa, daf da kanta.

Abokina ya ce, "Lafiya, malam? Tawada ta ƙare?"

Abin da ya kamata in ce bai fi cikin cokali ba. Amma ga abokin mahaifina a bakin ƙofa yana jin mu. In nuna fuskarta da yatsa a gabansa da gaban Nasara, in ce uwata ce, ku ba ni, ina kewarta? Harshena ya ƙi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai na ji bakina yana cewa, "Rijiyar garinmu ce."

Ya ce, "Kai, haka ne? Madalla!"

Na buɗe gwangwani, na ciro ambulan ɗin Bilma, na tura gabansa. Na ce, "Mu yi musaya. Ka bar mini wannan."

Ya dubi Bilma, ya dube ni, na ga ya ji tausayina. Ya mayar mini da abina, ya ce, "Riƙe kayanka, ba na cutar aboki. Wannan na riga na rubuta wa wani mutum a Liyon, can ƙasarmu, ya daɗe yana jiran hatimin Tanut. Ina da wani na rijiyar a ɗaki, sabo fil, ba rubutu ba tambur. Gobe in kawo maka kyauta."

Na ce, "Irin wannan?"

Ya ce, "Rijiyar nan dai, ita ce."

Dattijo ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa, ya ce, "Ɗana, rana na yi, raƙumi ba ya son tafiyar zafi." Na dangwala hatimi a tawada. Na karkata shi yadda rabinsa zai hau tambur, rabi ya faɗa sararin sama, kada ya taɓa ta. Na buga. Na sa ta a jaka da hannuna, na ɗaure, na miƙa. Na tsaya a ƙofa har raƙumin ya shige bayan tudu, ina gaya wa kaina gobe ma rana ce.

Washegari ya shigo yana murmushi, ya ajiye mini kati a tebur. Rijiyar ce kuwa, ba ƙarya ya yi ba. Ga gwafanni, ga takarkari yana jan igiya, ga maza uku sun kama wasaki. Babu mace ko ɗaya. Ya ce wannan ya fi wancan kyau, an fi ganin rijiyar. Na yi godiya, har da riƙe katin da hannu biyu.

Sai da na kwana biyu ina juyi kafin na same shi shi kaɗai na gaya masa gaskiya, ina kallon ƙasa. Ya dafe kai, ya ce, "Don me ba ka faɗa ba?" Na rasa yadda zan fassara masa. Mutumin kirki ne, ya aika kantin Damagaram, aka ce irin wancan ya ƙare. Ya rubuta wa mutumin Liyon, shiru. Kafin damina ta faɗi aka ɗauke shi zuwa wani bariki, na koma ni da gwangwanina.

Bayan an yi girbi na ɗauki hutu na tafi Gangara, wurin ƙanwar mahaifiyata, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na tarar tana sussukar gero. Bayan gaisuwa na miƙa mata katin. Ta goge hannu a zane, ta kai shi kusa da ido, ta fashe da dariya.

"Yau ga ikon Allah. Rijiyar da ta karya mini baya ka taso tun daga Tanut ka nuna mini?"

Na ce, "Inna, na ga wani irinsa. Da mata a jiki."

Dariyar ta ɗauke. Ta zauna a kan turmin da ke kife.

Ta ce, "Ranar ina nan. Bayan tafiyarka ne. Wani Nasara ya zo da akwati mai ƙafa uku, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle. Muka watse, don an ce abin nan kurwar mutum yake ɗaukewa. Sai tafintansa ya ce, ku tsaya mata, ba abin tsoro ba ne, Damagaram za a kai, kowa ya gani, har yaran lakkwal. Yaya ta riga ta fara gudu hwa. Da ta ji haka sai ta ja ta tsaya. Ta komo, ta sauke tulu, ta gyara ɗaurin zane, ta dubi akwatin nan kamar ta san shi. Na ce, Yaya, kurwarki! Ta ce, in can za a kai ta, a kai."

Ta share ido da bakin zane. Ta ce, "Ba ta ambaci kowa ba, ka dai san ta. Ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Sannan ta dube ni, ta ce, "To, ya iso gare ka?"

Na ce, "Ya iso, Inna."

Ta ce, "Alhamdulillahi," ta koma kan geronta. Ban gaya mata sauran ba, har ta koma ga Allah.

Yau gwangwanin shayi ya zama akwatin ƙarfe. Malamai kan zo daga nesa su tambaye ni wane hatimi ya riga wane a Damargu, in baje musu, in yi ta bayani kamar wani shehi, su tafi suna yaba haƙurina. Ba su san duk katin da ya shigo hannuna gefen dama nake fara dubawa ba. Na ga rijiyoyi iri-iri, na ga matan mutane da yawa, ban sake ganinta ba.

Ba na zagin kunya, da ita aka raine mu, kuma na ga gidajen da rashinta ya rusa. Amma 'ya'yana duka, har na farin, da sunansu nake kiransu, ina kallon idonsu, ko dattawa sun yi tsaki. Abin da har yau ke damuna shi ne, ita ta karya tata kunyar sau ɗaya, a gaban matan gari, tana ganin ranta za ta bayar. Ni aka yi wa aiken, ya yi shekaru yana yawo, ya zo har teburina.

Wani lokaci ina tunanin mutumin Liyon, ko jikansa, ya buɗe akwati ya ciro katin. Wata mata 'yar Gangara ta dube shi ido cikin ido, shi kuwa ya matsa da shi kusa da fitila yana duba ko sunan Tanut ya fito sosai. Ya fito. Ni na buga shi.