Zaitun a ƙarƙashin gadon Inna

Shekarar da aka sami 'yancin kai, Baba ya dawo daga Makka da tasbaha, da dabino, da zamzam, da kwalbar zaitun guda, 'ya'yan a nitse cikin ruwan gishiri. Ranar da aka buɗe ta a gidanmu na Kebbe kowa ya ɗauki ɗaya. Ɗaci na ji da gishiri, namansa kuma da ƙarfi. Inna, mahaifiyata, ta rufe sauran ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce abin da Allah ya rantse da shi ba a cinye shi rana ɗaya.

Lokacin ina koyarwa a Tambuwal. Bayan damina aka aiko mini cewa zawo ya kwantar da Inna. Na shiga motar 'yan kasuwa na tafi. Na same ta ta rame ƙwarai, Baba yana zaune bakin ƙofa, Gwaggo ƙanwarsa kuma tana ƙoƙarin murɗe murfin kwalbar.

"Ta ƙi komi," in ji Gwaggo. "Wanga kaɗai taka so."

"Gwaggo, ba ni in duba."

"Mi za ka duba? Abin Makka shina lalacewa?"

Na karɓa na fita haske. Da farko na dubi ruwan. Ya gurɓace, ga fumfuna fari-fari a kan 'ya'yan da suka leƙo sama. Sannan na shinshina, na ji tsami irin na gasarar da ta kwana biyu. Daga ƙarshe na latsa ɗaya, ya dagargaje kamar dafaffen wake.

"Wa ya taɓa ruwan nan, Gwaggo?"

Ba ta ɓoye ba, don ba ta ga laifi ba. Tun dawowar Baba, duk maƙwabciyar da ɗanta ya yi zazzaɓi takan zo neman tubarraki, a tsiyaya mata ruwan kwalbar kaɗan. In ruwan ya ja baya sai a cika da zamzam. Da zamzam ya ƙare aka koma randa.

"Gishirin ne ke tsare shi," na ce. "Kun raba gishirin. Ba za ta ci ba."

Inna ta miƙo hannu. "Malam, ko guda."

Ba ta taɓa roƙona komai ba. Na riƙe kwalbar a bayana.

"Sau ɗaya ka taɓa cin abin ga," Baba ya ce, bai ɗaga murya ba. "Ina ka san yadda shike?"

Gaskiya ya faɗa. Sai na durƙusa na miƙa masa. "Baba, kai ka ci shi a can. Shinshina. In ka ce ta ci, da hannuna zan ba ta."

Ya kai hanci. Ya daɗe haka, ni kuma ina kallon hannun Inna da bai sauka ba. Can ya mayar da murfin.

"Ba shi na kawo ba."

Ba a zubar da irin wannan a juji. Bayan la'asar muka haƙa rami bayan rumbu muka binne, Baba ya yi bisimilla. Inna ta juya fuska ga bango. Kunun da na kawo ta ƙi, sai da Gwaggo ta karɓa ta ba ta.

Ta warke kafin sanyi. Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma duk baƙon da ya yi zancen Makka sai ta nuna ni ta ce, "Ga wanda ya hana ni zaitun ina kwance."