Kifin Toka da Ya Kusa Kife Tandar Inna

Ranar Larabar farko bayan Sallar layya, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, na kwashi toka cike da ƙwarya daga murhun Inna na fita zana kifi. Malaminmu, wanda muke kira Mushe, shi ne ya jawo. Shi ya ce mana wanda ke cikin jirgin sama yana hango garinmu na bakin tafki, kudu da Maradi, ɗan mitsitsi kamar faifai. Na ce wallahi sai na bar wa masu jirgi abin kallo. Na sa bakin kifin inda masunta ke shanya koma, na bi ta bayan rumbuna ina zuba toka siri-siri, na ratsa garken awakin liman, na kewaye tsohon masallaci, na lanƙwasa ta lungun marina. Wutsiya kuwa, tsautsayi ya sauke ta daidai ƙofar Hajiya Tabawa, mai waina kamar Inna, layi ɗaya, gaisuwarsu ma a daƙile take.

Kafin la'asar gari ya ɗauka. Aka bi toka aka ga inda ta tsaya, aka ga sawuna mai yatsu a baje kamar na agwagwa. Wai Inna ta aiko ɗanta ya ɗaure kasuwar Hajiya. Tsofaffi suka riƙa tsallake layin tokar da bismillah. Wani ya rantse jakinsa ya ƙi ƙetarawa, alhali jakin nan tun da aka haife shi bai taɓa yarda ya je ko'ina ba. Kwana uku Inna na soya waina babu mai saye, mu ke cinye ta safe da rana har ta fara fito mana ta hanci. Ba ta tambaye ni komai ba, kallona kawai take irin kallon da ake wa kazar da ake zargi da shan ƙwai.

Rana ta huɗu na ga ta wanke tanda za ta kife a ɗaki, sai na fashe da kuka na faɗi gaskiya. Da kunne ta ja ni gaban mai unguwa. Ya sa na sake bin hanyar, rabin gari a bayana, ina nuna ciki, ina nuna ƙaya. Hajiya ta tsaya a kan wutsiya, ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai ɗan nan, a wane tafki kifi ke da wuya kamar raƙumi?" Dariyar da aka yi ita ta wanke Inna. Washegari tanda ta koma wuta, ni kuwa sai da na yi mako ina zama a karkace.

Bara 'yata Nana ta dawo gidanmu na Bronx, can ƙasar waje inda nake zaune yanzu, daga karatu a Japan, ta miƙo mini waya: jan layi a kan taswira, siffar tsuntsu. Da ƙafa ta yi shi, a wani tsohon gari na bakin tafki, ta lungunan gidajen katako, GPS na biye da ita yana zanawa. Na ce, "Ba wanda ya tare ki ya ce wa ya aiko ki?" Ta amsa da Turanci kamar kullum, wai wata tsohuwa ma shayi ta ba ta. Ban yarda da shayin ba, ban kuma yarda da abin da ke bin mutum daga sama ba. Tana so mu zana namu, daga unguwar University Heights har titin 125th Street. Na ce mata gwiwata na ciwo.

Ba gwiwa ba ce. A nan ko giwa na zana da ƙafa, babu mai leƙowa ta taga ya tuhume ni. Ashe zargi ma sai a inda aka san gidanku.