Barewa da Kujerar Baba

A filin tsere aka raɗa mata suna Barewa, har ya danne na yanka. Tun tana sakandare, da an busa usur sai dai a hangi ƙeyarta. Daga baya wata ƙungiyar wasanni ta ɗauke ta gudun mita ɗari huɗu, ana biyanta albashi kamar kowane ma'aikaci. Ta yi shekaru tana yawo gari-gari da jakar goyo da takalmi mai ƙusoshi. Lambobin da take ciyowa kuwa mahaifinta, tsohon direban babbar mota, shi ke rataye su a bangon falo, kuma baƙo ba ya shan ruwa a gidan sai ya sha labarin kowace.

Gwiwa ce ta yi mata tsiya. A wata gasa, tana shan kwanar ƙarshe, ta ji ƙas! Sai ga ta a ƙasa. Bayan an yi mata aiki likita ya ce za ta yi tafiya lafiya lau, amma gudu sai dai na gudun ruwan sama.

Ta dawo gida jiki a sanyaye. Zama bai karɓe ta ba, sai ta sayi sandar ɗora waya da 'yar fitila mai zagaye, ta fara ɗaukar bidiyon koyar da gudu a tsakar gida tana sakawa a intanet. Ta iya abinta, amma masu kallon ba za su cika mota ɗaya ba, rabinsu ma dangi ne.

Ana cikin haka Baba ya yanke jiki ya faɗi wata safiya. Ya tashi da shanyewar ɓarin hagu. Da aka sallamo shi, ma'aikaciyar asibiti ta nuna wa Barewa irin motsin da za a riƙa yi masa, ita kuwa ta riƙe abin kamar yadda ta riƙe atisaye a da. Kullum da hantsi takan zaunar da shi a kujerar roba, ta miƙa masa tawul.

"Baba, matse shi."

"Na matse."

"Wannan ai gaisawa kuka yi. Matse!"

"Ikon Allah," in ji shi, bakin a karkace. "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ba wanda ya faɗi abin da ubanta zai yi."

Yayanta, da ke aiki a wani gari mai nisa, ya roƙa a riƙa turo masa bidiyo ya ga sauƙin da ake samu. Da ya kalli na farko ya bugo waya yana dariya har da tari, ya ce wannan bai kamata ya tsaya a wayarsa ba. Barewa ta je ta durƙusa gaban tsohon.

"Baba, Yaya ya ce in saka a intanet. In ba ka so, shi ke nan."

"Duniya ta gan ni ina kokawa da tawul?" Ya dubi hannunsa na hagu. "Akwai masu irin ciwona da za su gani?"

"Da yawa."

"To saka. Amma miƙo min hulata tukuna."

Kafin mako ya zagayo saƙonni sun yi mata yawa. Wata ta ce mahaifiyarta ta daɗe da ƙin motsa hannu, amma da ta ga Baba sai ta ce a kawo mata tawul ita ma, ba za ta bari wannan tsohon mai surutu ya fi ta ba. Barewa ta karanta ta sake karantawa, ta shiga ɗaki ta sha kukanta.

Daga nan ta ajiye koyar da gudu. Ta koma motsa jikin tsofaffi daga kan kujera, da gorar ruwa da sandar mofar goge ɗaki da duk abin da ke cikin gida, tana yawan jaddada cewa a fara tambayar likita. Ba kullum ake dariya ba. Akwai ranakun da Baba zai juya fuska bango ya ce ya gaji da zama kaya. A irin ranakun takan kashe waya, ta zauna tana matsa masa yatsu.

Ran da Baba ya fara fita da ƙafarsa, shagon aski na bakin layi ya nufa, yana dogara sanda, tana biye da shi taku-taku. Suna shiga wani magidanci ya miƙe da kumfa a haɓa.

"Kai! Ba Baban kujera ba ne? Baba, don Allah hoto ɗaya!" Ya juyo ya miƙa wa Barewa wayarsa. "'Yar'uwa, taimaka ki ɗauke mu."

Ta karɓa tana danne dariya. Baba ya gyara tsayuwa, ya dafa kafaɗar mutumin da hannun hagu.

"Ɗauka da kyau," ya ce mata. "Kar ki yanke min kai."