Hannun Dama na Kawu Lazarus

Kawu Lazarus, wan mahaifiyarmu, ya baro ƙauyensu na wajen Kaltungo tun yana saurayi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gadi a wani gida a GRA. Da maigidan ya yi ritaya ya koma garinsu, sai Kawu ya sayi babur da abin sallamarsa, ya zama ɗan acaɓa, ya kama ɗaki biyu a unguwar Kagarawal shi da matarsa, Inna Selina.

Fasinjarsa ta kullum ita ce Malama Fanta, ungozoma a wani ƙaramin asibiti can bayan gari. Shekara tara yana ɗaukarta da sassafe. Tafiyar minti arba'in ce, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hanyar nan ba ta da imani ko kaɗan.

A shekarun baya-bayan nan yatsunsa na dama suka soma ƙin lanƙwasuwa. Da wannan hannun ake murza totur, da shi ake jan birkin gaba. Kawu ya ce sanyi ne, kowa ma ya yarda sanyi ne. Ya yanka jarka biyu ya ɗaura a kan babur don su tare iska. Inna Selina kuma takan dafa dankali, ta cusa shi da zafinsa a tsohuwar safa, ta tura cikin jarkar inda yatsunsa za su taɓa.

"Baba Laza, ni ba a sammini dankalin nan ne?" in ji Malama Fanta daga baya.

"Yana bakin aiki, Malama. Sai ya tashi."

Haka aka yi ta lallaɓawa. In sun iso rabin hanya ya tsaya, ya kara hannu kusa da inji, ya ci gaba. In ya dawo gida ya zauna a bakin ƙofa, ko takalmi ba ya iya cirewa sai ya huta.

Bara Emma, ƙanin Inna Selina mai sayar da kayan babur a Jos, ya aiko masa da wata robar mariƙin babur mai waya a ciki. Ana haɗa ta da batir, sai ta yi ɗumi. Bakanike ya saka, Kawu ya kama, ya ji kamar ya riƙe kofin shayi. Ranar har waƙar coci ya yi a tsakar gida.

Kwana huɗu da sakawa, shi da Malama Fanta suna gab da fita daga gari, wani mai keke Napep ya tsaya a gabansu ba sigina. Kawu ya kai yatsu zai ja birki, yatsu suka ƙi. Birkin ƙafa ne ya cece su, tayar baya ta ja ƙasa, suka tsaya saura kamu ɗaya.

Ya gangara gefen titi ya kashe babur. Ya dubi tafinsa. Da ɗumi, har da gumi. Babu sanyin da zai ɗora wa laifi.

Malama Fanta ta sauka ta miƙo masa yatsunta biyu.

"Matse."

Ya matse iya ƙarfinsa.

"Na ce ka matse, Baba."

"Ai na matse."

Ta daɗe tana kallonsa. "Da zafi ma haka yake yi, ko?"

"Har da damina," ya ce a hankali. "Shekara uku ke nan. Ko Selina ban gaya wa ba."

"Da ni a bayanka."

"Da ke a bayana, Malama. Ki yafe mini. Daga gobe ki nemi wani."

"Goben ta zo tukuna. Yau mata na jirana."

Ya kai ta a giya ta biyu, ƙafarsa a kan birki, masu keke suna wuce su. Sun makara da kusan awa guda. A bakin asibitin bai juya gida kamar kullum ba. Ya kafe babur a gindin darbejiya, ya karɓi kati, ya zauna a ƙarshen benci bayan mata masu ciki, hannun a kan gwiwarsa, yana jira a kira sunansa.

Bai sake ɗaukar fasinja ba.